Masu Shuɗin Hanci da Masu Tsallake Tushiya: Sunayen Tsokana a Kanada

Da wuya a sami ajin da babu mai sunan tsokana a cikinsa. Akwai Dogo, akwai Baturiya, akwai wanda sau ɗaya tak ya yi gyangyaɗi a darasin lissafi tun yana aji ɗaya, amma har ya gama sakandare Sarkin Barci ake ce masa. Wani idan an kira shi da nasa sai ya amsa yana dariya, wani kuwa sai an raba faɗa. To, abin da ke faruwa a aji yana faruwa a ƙasa sukutum. A wannan makon za mu ratsa Kanada daga gabas zuwa yamma, sannan mu haura arewa, muna sauraron sunayen da mutanen ƙasar ke kiran junansu da su.

Ku ɗauko taswira tukuna. Kanada ce ta biyu a faɗin ƙasa a duniya, bayan Rasha. Ta ninka Najeriya sau goma har da ɗoriya, amma sai a 2023 mutanenta suka cika miliyan 40. Tana da larduna 10 da yankunan arewa 3. Babban titin da ya ratsa ta, daga St. John's a bakin Tekun Atlantika zuwa Victoria a bakin Tekun Pasifik, ya haura kilomita 7,000. Idan ƙarfe 12 na rana ta buga a St. John's, a Victoria ƙarfe 7 da rabi ne na safe. Mu da ke nesa, duk ɗan Kanada ɗaya ne a wurinmu. Su ma suna da sunan da ya haɗa su, Canuck, wanda a yau ba ya ɓata wa kowa rai, har ma shi ne sunan ƙungiyar hokin ƙanƙara ta birnin Vancouver. Amma da an shiga cikin gida sai kowa ya koma ɗan lardinsu, kuma kowane lardi da abin da ake tsokanarsa da shi. Ku lura da kyau yayin tafiyar: yawancin sunayen daga tukunyar mutum, ko sana'arsa, ko sanyin garinsu aka ciro su.

Za mu fara da Newfoundland, can ƙarshen gabas, kuma za mu ɗan jima a nan domin nan ne maganar ta fi zafi. Tsibiri ne babba mai hazo da iska. Mutanensa Dutsen kawai suke ce masa, kamar babu wani dutse a duniya sai shi. Ƙasar ba ta noma sosai, saboda haka ƙauyukan suka jeru a bakin teku, gidajen katako manne da gaɓa, kowane gida da kwalekwalensa. Kifi guda ne ya kawo Turawa nan, sunansa kod. Idan kun taɓa ganin busasshen kifin nan mai tauri kamar itace da ake shigo da shi daga Norway ana sa wa miya, to irinsa ne, na ɗaya gefen tekun. Bayan matuƙin jirgi John Cabot ya iso yankin a 1497 ya koma Ingila da labarin yawan kifin, masunta daga Ingila da Ireland da Faransa da Portugal suka riƙa zuwa, wasu suka zauna. Kusan shekara 500 tsibirin na ci daga wannan kifi, har ta kai idan ɗan Newfoundland ya ce "kifi" ya yi shiru, kod yake nufi. Sauran kifaye sai an ambaci sunansu.

A cikin tsibirin ma akwai rabuwa. Ɗan St. John's, babban birnin, shi ne townie, wato ɗan birni. Wanda ya fito daga ƙauyukan gaɓa kuwa bayman ne, mutumin lungun teku. Ɗan birni na ganin bayman baƙauye ne, bayman na ganin ɗan birni ko ƙugiya bai iya ɗaurawa ba. Wannan ta cikin gida ce, kowa yana da abin ramawa.

Sunan da ya zo daga waje shi ne Newfie. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1941, Amurka ta kafa sansanonin soja a tsibirin, dubban sojojinta da na Kanada suka cika wurin, kuma a bakinsu kalmar ta bazu. Jirgin ƙasan tsibirin, wanda ke shafe kusan kwana guda kafin ya gama tafiyar kimanin kilomita 900, sai suka raɗa masa Harsashin Newfie don ba'a. A lokacin Newfoundland ba ta cikin Kanada. Ƙasa ce daban a ƙarƙashin Birtaniya, mai kuɗinta da kan sarkinta. A 1948 aka yi ƙuri'ar raba gardama, kashi 52 cikin 100 suka zaɓi shiga Kanada, aka shiga a ƙarshen watan Maris na 1949. Ita ce autar larduna, kuma ta shigo ta fi kowa talauci. Samarinta suka fara tafiya ci-rani Toronto da sauran birane, da karin harshensu mai kama da na mutanen Ireland, wanda 'yan birni ke ji kamar ba Turanci ba. Daga nan aka buɗe babin labaran Newfie, labarai barkatai masu jigo ɗaya, wai ɗan Newfoundland wawa ne. Har littattafai aka buga na irinsu.

Mu a nan mun san wasan barkwanci. Bakano ya tsokani Bazazzagi, Bafulatani ya tsokani Babarbare, kowa ya rama, a yi dariya a watse, gobe a ci abinci kwano ɗaya. Abin da ya sa na Newfie ya yi ɗaci shi ne gefe guda ke jifa, kuma wanda ake yi wa dariyar shi ne ke tsaye yana neman aiki a hannun mai dariyar.

Sai kuma kifin ya ƙare. Tun daga shekarun 1950 manya-manyan jiragen su na ƙasashen waje, masu jan taru ta ƙasan teku su gyara kifin su daskarar da shi a cikin jirgi, suka mamaye ruwan. A 1968 kaɗai an kwashi fiye da tan 800,000. A 1977 Kanada ta faɗaɗa iyakar ruwanta ta kori baƙin, amma sai nata jiragen suka ɗora daga inda suka tsaya. Ƙananan masunta sun yi ta kukan cewa kifin yana raguwa kuma yana ƙanƙancewa, ba a saurare su ba. Ranar 2 ga Yuli, 1992, ministan harkokin su na tarayya, John Crosbie, wanda shi ma ɗan tsibirin ne, ya sanar da hana kamun kod. Kimanin mutum 30,000 suka wayi gari ba aiki. An ce shekara biyu za a yi. Sai a 2024 aka sake buɗewa, shi ma kaɗan. Cikin shekara goma lardin ya rasa kusan kashi 10 cikin 100 na mutanensa, aka rufe makarantu a wasu ƙauyukan don babu yaran da za a koyar.

Ku ɗauka ku ne yaron da ya taso a irin wannan ƙauye, ya bi iyayensa wani lardi. Ranar farko a sabon aji malama ta ce ya faɗi sunansa, ya buɗe baki aka ji karin harshensa, wani daga bayan aji ya ce, "Ga Newfie." Shi ya sa har yau mutanen tsibirin ba su daidaita a kan kalmar ba. Wasu sun rungume ta, suna buga ta a riga da jikin mota. Wasu kuwa ko a bakin ɗan'uwansu ba sa son jin ta. Idan Allah Ya kai ɗayanku can karatu, shawararmu ya ce Newfoundlander ko da ya fi wahalar faɗa, ya bar wa masu shi gajeren.

Su ma suna da abin da suke kiran baƙo: come from away, wato wanda ya zo daga wani wuri. Mutum zai iya yin shekara 30 a ƙauye, ya yi aure ya hayayyafa, yana nan dai a matsayin wanda ya zo daga wani wuri. Sai dai hakan bai hana su karamci ba. Ranar 11 ga Satumba, 2001, da aka kai hari Amurka ta rufe sararin samaniyarta, jirage 38 suka sauka a Gander, ƙaramin garin da mutanensa ba su kai 10,000 ba, ɗauke da kusan mutum 7,000. Aka yi musu shimfiɗa a makarantu da majami'u da ɗakunan taro, gidaje suka yi ta dafa abinci suna kaiwa har kusan kwana biyar, ba a nemi ko sisi ba. Daga baya an yi wasan kwaikwayo na waƙe-waƙe a kan labarin, aka sa masa wannan suna na baƙo, ya yi shekaru ana nuna shi a New York.

Daga kudu maso yammacin tsibirin ake shiga babban jirgin fito, a yi wajen awa bakwai a kan ruwa, a sauka Nova Scotia. Nan ne gidan Bluenosers, masu shuɗin hanci. Sunan ya haura shekara 200. Wasu na cewa daga wani dankalin Turawa mai shuɗin ɓawo da ake nomawa a lardin aka samo shi. Wasu na cewa sanyin teku ne ke mayar da hancin masunta shuɗi. Wasu kuma na cewa safar hannu ce ta ulu da aka rina, mai su ya share majina da ita, rinin ya zauna a hanci. Mu dai na ukun ya fi kwanta mana a rai, wataƙila don mun san yadda hannun marini yake.

Jirgi ne ya wanke wannan suna. A 1921 aka ƙera wani jirgin su na katako mai tafiya da ƙarfin iska a garin Lunenburg, aka sa masa Bluenose. Yana zuwa kamun kifi kamar kowa, amma idan lokacin tseren jiragen masunta tsakanin Kanada da Amurka ya zo, kofin nasa ne. Shekara 17 ba a ƙwace shi daga hannunsa ba. Tun 1937 hotonsa ke kan tsabar senti 10 ta Kanada, yana kuma kan lambar motocin lardin. Ƙarshensa bai yi kyau ba, an sayar da shi ya koma dakon kaya, ya nitse kusa da Haiti a 1946. Amma yau ka ce wa ɗan Nova Scotia mai shuɗin hanci, sai ka ga ya gyara tsayuwa.

Maƙwabtansu biyu za mu wuce su da sauri. Mutanen New Brunswick su ne Herring Chokers, masu maƙure kifin nan da masu kifin ƙanƙara a kasuwanninmu ke kira shawa, saboda ta wuya ake cafkarsa a zare shi daga taru. Prince Edward Island, lardi mafi ƙanƙanta, jar ƙasa gare shi, kuma kimanin kashi ɗaya cikin biyar na dankalin Turawan Kanada daga can yake fitowa, don haka mutanensa su ne Spud Islanders, 'yan tsibirin dankali. Duk waɗannan larduna na gabas suna da kalma guda ta jifan mutumin Ontario, Upper Canadian, daga tsohon sunan da Ontario ta yi amfani da shi tsakanin 1791 da 1841. Idan suka faɗe ta, suna nufin mai kuɗin da ke ganin ya fi kowa sani.

Da an shiga Quebec allunan hanya sun koma Faransanci, harshen uwa na kimanin mutum uku cikin huɗu na lardin. Faransawa ne suka kafa birnin Quebec a 1608, Birtaniya ta ci su da yaƙi a 1759. Abin da zai ba ku mamaki, a da idan an ce Canadien su kaɗai ake nufi, domin masu jin Turanci 'yan Birtaniya suke ɗaukar kansu. Da waɗancan suka karɓi sunan, sai su aka koma ce musu 'yan Kanada masu Faransanci, kamar wasu 'yan rakiya. A shekarun 1960, lokacin da suka yunƙura don riƙe makarantunsu da wutar lantarkinsu da harshensu, suka zaɓar wa kansu Québécois. Masu Turanci sun daɗe suna ce musu Pea Soup, sunan faten busasshen wake da talakansu ke ci a hunturu. Su kuma suka rama da tête carrée, mai kai kusurwa huɗu, wato kan da ba abin da ke shiga cikinsa. Duka biyun zagi ne, ba a faɗa wa baƙo.

Na cikin gidansu sun fi daɗin ji. Manoman farko da suka zauna a gaɓar Kogin St. Lawrence ana ce musu habitants, mazauna, daga nan ne ƙungiyar hoki ta Montreal, wadda aka kafa a 1909 ta kuma ci babban kofin wasan sau 24, ta sami laƙabin Habs. A yankin Saguenay da tafkin Saint-Jean an yi wata gagarumar gobarar daji a 1870. Da toka ta lafa sai wasu 'ya'yan itace ƙanana shuɗaye, waɗanda ba su kai magarya girma ba, suka mamaye ƙasar da ta ƙone. Bleuet ake ce musu, kuma sunan mutanen yankin ke nan har yau. Suna alfahari da shi, har suna cika baki wai nasu uku sun isa a yi kek guda. Sai mutanen Beauce, kudu da birnin Quebec, Jarrets Noirs, masu baƙar sharaɓa. Manoma ne da ke biyo hanyar taɓo zuwa kasuwar birni, su iso ƙafa duk caɓi, 'yan birni na nuna su da baki. Duk wanda ya taɓa zuwa makaranta da damina ta hanyar gona ya san yadda ake ji.

Toronto kuwa, ana raha cewa ƙin ta shi ne abu ɗaya da ya haɗa kan sauran 'yan Kanada. Ita ce birni mafi girma, a can manyan bankuna da manyan jaridu suke, saboda haka 'yan sauran larduna ke kiran ta Cibiyar Duniya, suna taɓe baki. Tsohon sunanta na tsokana Hogtown ne, garin aladu. A wajen 1900 kamfanin William Davies na birnin shi ne mafi girma wajen sarrafa naman alade a duk daular Birtaniya. Amma a Turanci kalmar hog tana kuma nufin mai handama, don haka maƙwabta suka riƙe sunan da ma'ana ta biyu: garin da ke cinye komai. Matasan birnin, wanda kusan rabin mutanensa a wata ƙasa aka haife su, sun yi wa kansu sabo, The Six, wato Shida. Mawaƙi Drake ne ya baza shi a duniya wajen 2015. Daga cikin lambobin wayar birnin, 416 da 647 duk suna da shida, kuma ƙananan hukumomi shida aka haɗe a 1998 suka zama Toronto ta yanzu.

Ratsa arewacin Ontario kaɗai kan ci kwana biyu a mota, daji da tafkuna iya ganinka. Daga nan sai ƙasa ta baje kamar tabarma. Birnin farko Winnipeg ne, wanda aka murɗa sunansa ya koma Winterpeg, daga kalmar Turanci ta hunturu. A watan Janairu sanyin dare kan kai digiri 20 ƙasa da sifili, har za ka ga wayar lantarki na reto a gaban motoci, wadda ake jonawa da dare don ɗumama inji, in ba haka ba da safe ba zai tashi ba. Gaba kaɗan Saskatchewan ce, ƙasar alkama. Manomanta su ne Stubble Jumpers, masu tsallake tushiya, domin bayan girbi ba abin da ke tsaye a fili sai tushiyar alkama. Ana tsokanarsu wai saboda shimfiɗar ƙasarsu, idan karenka ya gudu sai ka yi kwana uku kana hango shi. Babban birnin lardin a da Tarin Ƙashi ake ce masa, saboda ƙasusuwan ɓaunar da mafarautan ƙabilar Cree ke tarawa a bakin rafin wurin. A 1882 aka canza masa suna zuwa Regina, wato sarauniya a Latin, don girmama Sarauniya Victoria.

A Alberta, Calgary ce Cowtown, garin shanu. Duk da dogayen benayen kamfanonin mai, kowane watan Yuli sai an yi kwana goma ana bikin makiyaya da aka fara a 1912, har ma'aikacin banki sai ya sa malafa ya je ofis. Edmonton kuma ana ce mata Edmonchuk, domin tun 1891 'yan Ukraine ke zuwa noma yankin, kuma sunayensu da yawa da "chuk" suke ƙarewa. Can arewa akwai Fort McMurray, inda ake haƙo yashi mai haɗe da kwalta a tace mai daga cikinsa. Albashin wurin ya sa ake ce masa Fort McMoney, garin kuɗi. A nan za mu sake haɗuwa da mutanenmu na farko. Da kifi ya ƙare, dubban 'yan Newfoundland nan suka nufa, tafiyar dubban kilomita, wasu da iyalinsu, wasu kuma su yi makonni suna aiki su hau jirgin sama su leƙa gida su dawo. Yawansu ya kai ana raha cewa Fort McMurray ce birni na biyu mafi girma a Newfoundland. Su da kansu ne suka fi faɗar wannan.

Bayan an tsallake duwatsun Rocky sai British Columbia, inda gaɓar teku ba ta cika ganin dusar ƙanƙara ba. Sauran 'yan ƙasa, cikin hassada, suna ce mata Lotusland, daga wani tsohon labarin Girkawa na mutanen da suka ci wani fure suka manta da aiki da gida. Mutanen Vancouver ba su damu ba. Su da kansu ke kiran garinsu Raincouver, saboda ruwan sama da kan yi makonni bai ɗauke ba.

A nan babban titi ya ƙare, amma Kanada ba ta ƙare ba. Mu haura Yukon. A watan Agusta na 1896 aka tsinci zinariya a wani rafi na yankin Klondike, kuma cikin waɗanda suka tsince ta akwai Keish, ɗan ƙabilar Tagish, wanda Turawa ke kira Skookum Jim, wato Jim ƙaƙƙarfa. Kimanin mutum 100,000 suka kama hanya, ba su fi 40,000 da suka isa ba. 'Yan sandan Kanada sun tsare mashigar dutse, suka ce ba mai wucewa sai da abincin shekara guda, wanda da sauran kaya ya kai kusan tan ɗaya, mutum ya yi ta hawa da sauka yana ɗauka kaɗan-kaɗan. Babu yis a can, don haka tsofaffin hannu ke yawo da ƙullu mai tsami, irin yadda mai waina ke barin nata ya kwana ya tashi, suna rataye shi a jiki don kada ya daskare. Daga nan aka sa musu Sourdough, ƙullu mai tsami. Sabon zuwa kuwa Cheechako ne. Kuma ba a ba da girman nan da baki: sai ka ga Kogin Yukon ya daskare da kaka, ka zauna har ka ga ya farfashe da bazara, sannan ka tashi daga baƙo ka zama ƙullu mai tsami. A duk sunayen da muka ji, wannan ne kawai baƙo ke iya samu da haƙurinsa.

Zangonmu na ƙarshe Nunavut ne, yankin da aka ƙirƙira ranar 1 ga Afrilu, 1999, ƙasar Inuit. A harshensu Inuit na nufin mutane, ɗaya kuma Inuk. Tsofaffin littattafan labarin ƙasa Eskimo suke ce musu, sunan da baƙi suka ba su, wanda a Kanada an daina amfani da shi. Ƙungiyar ƙwallon Edmonton ma, da ta daɗe tana ɗauke da shi, ta ajiye shi a 2020. Amma abin da aka yi musu ya wuce na tsokana. A al'adarsu jariri na karɓar sunan wani ɗan'uwa, galibi wanda ya rasu, a riƙa girmama shi da matsayin mai sunan, har uwa ta kira 'yarta "mahaifiyata", kamar yadda muke kiran mai sunan kaka Abba ko Ummi. Jami'an gwamnati suka ga sunayen suna yi musu wuyar rubutawa. Daga 1941 sai aka ba kowane Inuk wani ɗan faifai kamar kwabo ya rataya a wuya, ɗauke da harafin E idan daga gabas yake, ko W idan daga yamma, sannan lambar gunduma da tasa lambar. Da ita ake karɓar magani da kuɗin tallafi, a wasu makarantu ma da ita ake kiran yaro. Sai tsakanin 1968 da 1971 wani daga cikinsu, Abe Okpik, ya bi ƙauyukan arewa ɗaya bayan ɗaya yana tambayar kowane gida sunan da suke so a rubuta musu, sannan aka fara barin lambobin.

A 1987 mutanen babban garin yankin, wanda taswira ta daɗe tana kira Frobisher Bay da sunan wani matuƙin jirgin Ingila, suka mayar masa da sunan da kakanninsu ke kiran wurin, Iqaluit, inda kifi ke da yawa. Babu titin mota zuwa can, sai jirgin sama, wajen awa uku daga Ottawa. Baturen da ya sauko daga jirgin, ko mai shuɗin hanci ne, ko mai tsallake tushiya, ko ɗan Cibiyar Duniya, sunansa ɗaya a wurinsu, qallunaaq, baƙo daga kudu. Idan za ku gwada faɗa, harafin q ɗin daga can cikin maƙogwaro ake fito da shi, kamar ƙaf ɗin da malamin tajwidi ke sa mu maimaitawa.